Harafi ɗaya a jini: me ke sa ƙwayar jinin mai sikila ta lanƙwashe?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a wannan zaure ina karatu shiru, yau dai larura ta fito da ni. Ɗana Khalifa shekararsa 7, yana da sikila. Makon jiya kwananmu uku a asibiti, ciwon ƙafa da na baya, kun san yadda hunturu yake yi musu. Da za a sallame mu na tambayi likitan asalin wannan abu, sai ya ce min harafi ɗaya ne ya canja a jikin yaron, ya wuce gadon gaba. Ban ga laifinsa ba, mutane sun yi masa yawa. Amma tun ranar maganar take cina. Harafin me? A ina aka rubuta shi? Ta yaya harafi zai sa yaro ya kwana yana kururuwa? Na yi sakandare, abin da na riƙe kawai shi ne zanen sel a allo da wani zagaye a tsakiya. Don Allah mai sani ya yi min bayani da Hausa.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Sannu da jinya ƙanwata.

Nura BUK: Amin. Anti, GAG ne ya koma GTG a jinsin beta-gulobin, sai gulutamik ya koma balin a gurbi na 6. Shi ke nan.

Maman Khalifa: Nura na gode, amma wallahi gara maganar likitan, shi ko banza na gane kalmar harafi.

Malam Garba: Nura, abin da ka faɗa daidai ne, sai dai ka hau bishiya ta reshe. Shekara 26 ina koyar da bayoloji, na san inda ɗalibai suke ɓacewa. Maman Khalifa, ki yi haƙuri da ni, zan faro daga ƙasa, kuma zan yi tsawo.

Da za a warware jikin mutum a ware abin da ke cikinsa, sinadarai huɗu ne suka kwashe kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa: oksijin wajen kashi 65, kabon wajen 18, haidirojin wajen 10, naitirojin wajen 3. Ragowar su ne kalsiyam na ƙashi, da fosfaras, da gishiri-gishiri, da ƙarfe wanda bai wuce giram 4 ba a jikin babban mutum, kwatankwacin 'yar ƙusa. Ba ɗaya a cikinsu da babu shi a tsakar gidanki. Gawayin murhu kabon ne. Ruwan randa haidirojin ne da oksijin, kuma shi kaɗai ya kai kashi 60 na nauyin baligi. Iskar da muke shaƙa yawancinta naitirojin ce.

To ina bambancin yake? A jeri yake. Kabon yana da hannaye huɗu, yana iya riƙe ɗan'uwansa su yi sarƙa mai tsawo, ko zobe, ko reshe. Ga misalin da nake ba yara: ki ɗauki zangarniyar gero da karanta. Garin da ke cikin ƙwayar geron sukari ne mai suna gulukos, an jera shi sarƙa-sarƙa. Karan ma shi ne dai gulukos ɗin, an jera shi sarƙa-sarƙa. Abin da ya raba su shi ne yadda aka ƙulla kowane guda da na gabansa. Ƙullin farko cikinmu yana iya kwance shi, sai ya zama fura da tuwo. Na biyu ba mu da abin kwance shi. Ko saniya ma ba da ƙarfinta take cin kara ba, ƙananan halittu ne a tumbinta suke yi mata aikin.

Alhaji Tanimu: Allah ya gafarta Malam, tsaya tukuna. Yanzu kana nufin ɗan Adam gawayi ne da ruwan randa? Ina ka bar rai? Irin wannan karatun ne yake sa yara su dawo gida suna raina manya.

Malam Garba: Alhaji, ranka ya daɗe, ban taɓo rai ba, kuma ba na da ma'aunin auna shi. Maganar tubali nake yi. Wanda ya ce masallaci da bulo da siminti aka gina shi bai rage masa daraja ba. Amma tambayarka ta taɓa zama babbar muhawara a Turai. Masana da yawa sun ɗauka abin da jiki mai rai yake sarrafawa ba zai yiwu a haɗa shi a kwalba ba. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar kowa ba. Kai da kake sayar da taki ka fi ni sanin yuriya. Wadda ke cikin buhunka da wadda ke fita a fitsari sinadari ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Alhaji Tanimu: Ikon Allah. Shekara nawa ina sauke tirelar fitsari ban sani ba.

Sadiya: Alhaji ka kashe ni da dariya. Ni dai duk lokacin da aka zo maganar ruwa a jiki sai na tuna ayar Suratul Anbiya da ta ce daga ruwa aka sanya duk abu mai rai.

Shugaban Zaure: Masha Allah. Amma mu koma kan tambayar baiwar Allah, kar mu watse kamar wancan karon da aka fara da maganin sauro aka ƙare da siyasa.

Malam Garba: To. Mu zo kan furotin, don nan maganar Khalifa take. Yawancin mutane in an ce furotin sai su tuna nama da wake. Gaskiya ne, amma a cikin jiki furotin su ne ma'aikata: su ke narkar da abinci, su ke ɗaukar kaya, su ke tsaron ƙofa. Ki ɗauke shi kamar carbi. Duwatsun carbin iri 20 ne, ana kiransu amino asid. Wasu suna son ruwa kamar gishiri, wasu suna gudunsa kamar man gyaɗa. Da zarar an gama shirya carbin sai ya dunƙule da kansa, masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje. Siffar da ya ɗauka ita ce aikinsa. In siffar ta lalace aiki ya tsaya. Kin ga farin ƙwai yadda yake ruwa-ruwa, in ya ji wuta ya daskare ba ya komawa? Carbin ne ya warware ya sarƙe da na kusa da shi. Haka mai awara take yi wa madarar waken suya da ruwan tsami.

Daga nan gara Likita ta karɓa, na ga tana kan layi.

Dakta Hauwa: Na gode Malam, da ma jira nake ka share min hanya. Maman Khalifa sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Abin da ya sa jini yake ja wani furotin ne, himogulobin. Shi ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki, kuma ƙarfen da Malam ya ambata mafi yawansa a nan yake. Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da himogulobin wajen miliyan 270. Kowane ɗaya carbi huɗu ne a dunƙule: biyu masu duwatsu 141, biyu masu 146. A cikin mai 146 ɗin, dutse na 6 a jikin mai AA shi ne gulutamik, mai son ruwa, yana zaune a waje lafiya lau. A jikin Khalifa an sa balin a wurin, mai gudun ruwa. Ga shi a waje, ga ruwa ko'ina, sai ya shiga neman inda zai ɓoye kansa.

Muddin himogulobin yana riƙe da oksijin babu matsala sosai. Da ya sauke kayansa siffarsa takan ɗan juya, wani ɗan lungu mai maiƙo ya bayyana a jikinsa. Sai balin na wannan ya cusa kai a lungun wancan, na wancan a lungun na gaba, har su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar. Lafiyayyar ƙwayar jini kamar 'yar waina take mai lotsawa a tsakiya, tana da laushi, tana iya naɗewa ta bi ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Wadda sanduna suka cika kuwa ta ƙage, ta lanƙwashe kamar lauje. Sunan sikila ma daga kalmar Turanci ta lauje aka samo shi. Irin waɗannan su ke maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, su tare hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin. Wannan shi ne ciwon da ya hana shi barci.

Kuma ba sa daɗewa. Lafiyayya takan yi kwana 120, mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa jininsa kullum yake ƙasa, kuma in fashewar ta yi yawa kike ganin idonsa ya yi ɗorawa.

Maman Khalifa: Innalillahi. Likita wallahi yau na ga abin da ido. Wato dutse ɗaya a cikin 146. To harafin fa? Har yanzu ba a zo kansa ba.

Dakta Hauwa: Yanzu za mu zo. Zagayen da kika tuna an zana muku a tsakiyar sel, shi ne cibiya, a nan ake ajiye DNA. DNA ma sarƙa ce, amma haruffanta huɗu ne kacal: A, T, G, C. Ana karanta su uku-uku, kowane uku suna nufin dutsen carbi ɗaya. GAG na nufin a sa gulutamik. GTG na nufin a sa balin. Kin ga A ɗin tsakiya ya koma T. A cikin haruffa wajen biliyan 3 da mutum yake gada daga kowane ɗaya cikin iyayensa, wannan ɗayan ne likitanku yake nufi. Abin da Nura ya faɗa ke nan tun farko.

Nura BUK: Alhamdulillah an wanke ni. Amma Dakta akwai abin da zai rikita Anti in ta je ta bincika: jar ƙwayar jini ba ta da cibiya. Ba ta da DNA ɗin ma.

Dakta Hauwa: Haka ne, ka kyauta da ka tuna. Ana ƙera ta a cikin ɓargo, a can take da cibiya, ta karanta umarnin, ta cika cikinta da himogulobin, sannan ta tofar da cibiyar ta fito cikin jini. Ɓargo yana fitar da sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Wannan ne dalilin da ƙarin jini yake taimakawa amma ba ya warkarwa: an ba shi ƙwayoyin wani, in sun tsufa sun mutu, ɓargonsa yana nan yana bin tsohon rubutu. Dashen ɓargo ne yake canja marubucin, shi kuma yana da tsada, da haɗari, da wahalar samun wanda ya dace.

Sadiya: Ni abin da yake dame ni shi ne kalmomin. A rediyo in an ce ƙwayar halitta wani lokaci sel ake nufi, wani lokaci abin gado. A makarantar koyon jinya sai da na sha wahala kafin na raba su.

Malam Garba: Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wasu kuma su ce tantanin halitta, alhali tantani fatar sel ɗin ce kawai. Ni na haƙura, sel nake cewa a aji. Ai su ma masu kalmar aro suka yi. Robert Hooke ne a Ingila a 1665 ya duba ɓawon wata bishiya da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ramuka a jere, ya kira su da kalmar da ke nufin ƙananan ɗakuna. Matattu ma ya gani, bango kawai. Sai wajen 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka ce tsiro da dabba duk da irin waɗannan ɗakunan aka gina su.

Ni gidan Bahaushe nake kwatanta shi da shi. Ga katanga da zaure, ba mai shiga sai an yi masa iso. Ga turaka inda takardun gida suke, ba a fitar da su, sai dai a kwafi abin da ake buƙata a aika tsakar gida. A tsakar gida masu shirya carbi suke, ribosom. Ga murhu, mitokondiriya, inda ake ƙona sukari da oksijin a samu ƙarfi. Har da masu kwashe shara.

Nura BUK: Malam da girmamawa, misalin katanga yana ɓatar da mutane. Ni kaina sai da na shiga aji biyu a jami'a na cire shi daga kaina. Fatar sel ba ta da tauri ko kaɗan, maiƙo ce, shimfiɗa biyu kacal. Kowane guda yana da kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa, sai su jeru jela na kallon jela, kawuna na kallon ruwan ciki da na waje. Babu mai jera su, ruwa ne yake tilasta musu, dokar nan dai da ta sa balin yake neman lungu. Kuma da jar ƙwayar jini aka fara gano haka, wasu 'yan Holan biyu, Gorter da Grendel, a 1925. Sai ka tara kaurinta sau dubu goma kafin ka kusanci kaurin takarda.

Malam Garba: Na karɓa. To a ce zana ce ba katanga ba, iska na ratsawa.

Dakta Hauwa: Gyaran Nura yana da amfani ga Khalifa kai tsaye. Ruwa yana ratsa wannan fatar, kuma yana bin inda gishiri ya fi yawa. Shi ya sa in kin barbaɗa wa yankakken tumatir gishiri yake tsatsafo da ruwa. In jikin yaro ya bushe, ko da zafin bazara, ko zazzaɓi, ko gudawa, ƙwayoyin jininsa suna rasa ruwa, himogulobin ya cunkushe wuri ɗaya, sandunan su haɗu da sauri. Nacin da muke yi na a sha ruwa ba maganar fatar baki ba ce. Sanyi kuma yana tsuke jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayar ta daɗe a hanya babu oksijin. Safa da rigar sanyi da ruwan wanka mai ɗumi duk magani ne a wannan watan.

Isufu Maraɗi: Salamu alaikum, ina gaida Malam da Likita. Nan wajenmu ma cutar ta yi yawa, amosanin jini muke ce mata. Tambayata: in abin ga illa ne haka, don mi ya yawaita cikinmu, bai yawaita ga Turawa ba?

Dakta Hauwa: Malam Isufu, sauro ne amsar. Wani likita, Anthony Allison, ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin jar ƙwayar jini take zama ta hayayyafa. A jikin mai AS zaman ba ya yi mata daɗi, don haka yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani. A ƙasar da zazzaɓi yake kashe yara, masu AS sun fi kaiwa girma su haihu, sai harafin ya yaɗu. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Ana samunsa a Indiya da wasu sassan ƙasashen Larabawa da Girka, duk inda zazzaɓin ya taɓa yin sansani.

Alhaji Tanimu: Wato mai sikila ba ya zazzaɓi ke nan. Ko banza an rage masa wani abu.

Dakta Hauwa: A'a Alhaji, don Allah kar wannan ta fita daga zauren nan a haka. Mai AS na ce, shi ma yana kamuwa, tsananin ne yake raguwa. Mai SS kuwa zazzaɓi yana cikin manyan abubuwan da ke kayar da shi. Gidan sauro dole ne gare shi.

Rabi Kumasi: Ina kwana jama'a, daga Zango nake. Ni takardata AC aka rubuta, mijina AS. Mutane a gida suna ce min C ba komai ba ne. Gaskiya ne?

Nura BUK: Anti Rabi, abin mamaki C ɗin ma a dutse na 6 ɗin nan yake. Maimakon balin sai aka sa laisin. Ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, shi ya sa kuka fi mu jin labarinsa.

Dakta Hauwa: Ke kanki lafiyarki ƙalau. Amma ke da mai AS kuna iya haifar SC, kuma SC sikila ce. Sau da yawa ta fi SS sauƙi, amma tana taɓa ido da ƙashin ƙugu, kuma tana iya tsananta lokacin goyon ciki. A gwada yaran.

Maman Khalifa: Tunda an zo nan bari na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba. Mun yi gwaji kafin aure. Ni AS, shi aka rubuta masa AA a wani ɗakin gwaji na kuɗi. Sai da Khalifa ya kai wata 8 hannayensa suka kumbura aka sake gwada mu, ashe shi ma AS ne. Har yau wasu a danginsa cewa suke ni na kawo musu, wai a nono ya sha. Na gaji da kuka a kan wannan.

Hajiya Binta: Kayya. Ki yi haƙuri ƙanwata, kowane gida da irin nasa. Ni ma na ji irin wannan a kan jikata.

Dakta Hauwa: Ki nuna musu wannan saƙon in kin ga dama. Rubutun carbin nan yana kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙunsosin DNA da ke cikin cibiya, kuma kowane mutum biyu yake da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba yadda za a yi yaro ya zama SS sai kowannensu ya ba shi S. Nono ba ya ɗauke da shi. Akwai dai wani abu a cikin sel da ake gada daga uwa ita kaɗai, murhun da Malam ya ambata, mitokondiriya, wanda yake da ɗan guntun DNA nasa na kansa. Shi kuma babu ruwansa da sikila, jar ƙwayar jini ma ba ta da shi sam.

Wata 8 ɗin da kika ce shi ma yana da dalili. Jariri a ciki wani himogulobin daban yake amfani da shi, wanda babu carbin mai 146 na manya a cikinsa, kuma yana hana sandunan haɗuwa. Bayan haihuwa jiki yana rage shi a hankali, zuwa wata 6 ya ja baya, sai cutar ta fito fili. Maganin da ake kira haidiroksiyuriya aikinsa ke nan, yana sa ɓargo ya koma yin wani kaso na irin na jarirai. Ki tambayi likitansa ko Khalifa ya dace da shi. Ba a saya a kemis a sha kai tsaye, sai ana bibiyar jini.

Isufu Maraɗi: Ni an ce mini in AS biyu suka yi aure, ɗa na huɗu ne ka fitowa da ita.

Malam Garba: Wannan kuskuren ya jefa mutane da yawa a rami. Ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki, kuma ciki ba ya tuna na baya. Na san gidan da 'ya'ya uku na farko duk SS ne, na san wanda shida babu ko ɗaya. A Kano dai tun 2024 an sa hannu a dokar gwaji kafin aure, amma labarin Maman Khalifa ya nuna takarda ɗaya ba ta isa ba. A yi sau biyu a wurare daban. Kuma a daina haɗa shi da rukunin jini, A da B da O wani abu ne daban, a bayan fatar ƙwayar suke, wannan kuwa a cikinta yake.

Alhaji Tanimu: Duk na ji. Amma aure da haihuwa nufin Allah ne. Kuma akwai wani mai magani da na sani, an ce yana mayar da SS ta koma AA cikin wata uku. Mutane suna ta zuwa.

Dakta Hauwa: Alhaji, nufin Allah ne, shi ya sa ma ya ba mu hanyar sani kafin a ɗaura. Maganar mai magani kuwa, ka dubi abin da muka yi ta bayani tun safe. Sai jiƙon nasa ya shiga ɓargo, ya ratsa fatar sel, ya shiga cibiya, ya nemo harafi ɗaya cikin biliyoyi ya goge ya sake rubutawa, a cikin sel bayan sel. Na ga yaran da aka dakatar wa maganin asibiti saboda irin wannan alkawari, aka dawo da su a galabaice. In an gwada yaro bayan ƙarin jini sakamakon yakan nuna A, da wannan wasu suke yaudarar iyaye. Masu taɓa rubutun da gaske suna nan: a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani, Casgevy. Ciro sel na ɓargo ake yi a gyara a mayar, kuma ko shi ba harafin yake gyarawa ba, himogulobin na jarirai yake sake kunnawa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne.

Alhaji Tanimu: Miliyan biyu na dala? To Allah ya kawo mai arha. Na janye maganar mutumin, amma ta ƙaddara ina nan a kanta.

Sadiya: Dakta, ni kuma penisilin da ake ba ƙananansu kullum fa? Wata uwa ta tambaye ni ko ba zai cinye musu jiki ba, na rasa amsa.

Dakta Hauwa: Saifa ce take lalacewa da wuri a jikinsu, ita kuwa ita ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, shi ya sa ake kare su da shi musamman kafin shekara 5. Ki ce mata bakteriya sel ce irin ta daban: ba ta da cibiya, kuma ita tana da katanga ta gaske a bayan fatarta. Penisilin ginin wannan katangar yake hanawa, sai ruwa ya cika ta ta fashe. Sel ɗinmu ba su da katangar, don haka ba shi da abin rushewa a jikinmu, sai dai ga wanda jikinsa ba ya karɓarsa.

Malam Garba: Nura ka ji, ashe katangata tana da gidan da ta dace.

Maman Khalifa: Jama'a na dawo. Bayan magariba na ɗauko carbin babansa na zaunar da Khalifa, na ce masa a jininsa akwai irin wannan, dutse na 6 ne aka canja, shi ya sa nake matsa masa da shan ruwa. Ya karɓa yana ƙirgawa, sai ya ce min daga wane gefe ake fara ƙirgen, kuma na 1 zuwa na 5 su waye. Na ce sai na tambayi su Kawu Nura.

Nura BUK: Ki gaishe min da shi, wannan tambayar ɗan jami'a ce. Daga gefen da aka fara shirya carbin ake ƙirgawa. Ga su: balin, histidin, lusin, tiriyonin, furolin, sannan na 6. Ki lura na farkon ma balin ne, kuma kowa yana da shi a nan, mai AA da mai SS. Na 7 kuma gulutamik ne, nasa yana nan ba a taɓa shi ba.

Maman Khalifa: To bari na rubuta su a takarda, don na san gobe da safe sai ya sake tambaya. Dakta, ranar Alhamis muke komawa asibiti, sunan maganin nan na ɓargo haka zan faɗa wa likitan yadda kika rubuta shi?

Dakta Hauwa: Haka za ki faɗa, zai gane. Ki tafi da katinsa da sakamakon gwajin jininsa na ƙarshe.